Shokozobar Raƙumar Josiah Tela

Shekara ashirin da biyu Josiah ya yi yana taka keken ɗinki a unguwar Sauka Kahuta ta Minna kafin ya koma dakon doya, shi ya sa har yau Josiah Tela ake ce masa. Ɗan Gbagyi ne daga wani ƙauye a bayan Kuta, gajere, mai faɗin ƙirji, dariya ba ta yi masa wuya. Yana ɗan shekara sha biyar ya shigo Minna koyon ɗinki. A shagon ya samu matarsa Hannah. Rigar mawaƙan coci ta kawo ɗinki, ya yi ta ce mata awon bai fita ba, ta dawo gobe. Sai da ta dawo sau huɗu sannan ta gane ba rigar ce ke da matsala ba. Sun haifi uku, babbar ita ce Faith.

Da idonsa ya fara gardama da kafar allura, sai ya sayar da kekunansa biyu, ya haɗa da abin da Hannah ta tara a cinikin manja, ya sayi wata tsohuwar akori-kura fara mai ja da taya huɗu. 'Yan'uwansa manoman doya ne, kuma da damina babbar mota ba ta isa gonakinsu, saboda rafi biyu da wani kwazazzabo da ke tsakani. A tafiyar farko ƙarƙashin motar ya gogi dutse har Josiah ya ji abin a haƙoransa. Ya kai ta wurin Andrawus, makaniken layinsu, ya ce a ɗaga ta. Andrawus ya ƙara mata ganyen sifirin, ƙarafan da ke riƙe nauyin mota, a baya, ya ɗaga gaban, aka sa manyan tayoyi. Mota ta tashi inci uku, ban da abin da tayoyin suka ƙara.

Ranar da ya dawo da ita gida, sai da ya kama ƙofa ya yi tsalle sau biyu kafin ya iya komawa kan kujera don ya gyara fakin. Hannah ta yi dariya har ta zauna a bakin kwata. Kafin yamma unguwa ta raɗa wa motar suna Raƙuma.

Andrawus ya gaya masa tun a gareji cewa shokozobar da ke jiki ta yi wa motar kaɗan yanzu, a canza. Murna ba ta bar Josiah ya ji ba. Sati uku ya yi yana ratsa rafi kamar mai tsallake tabarma, sai Raƙuma ta fara ƙwas-ƙwas a duk rami. Daga nan baƙin mai ya zubo ta bayan taya. Daga nan kuma ta koma rawa: in ta taka tudu ɗaya, sai ta yi tsalle uku kafin ta nutsu. Doya ta riƙa isowa kasuwa a ƙuje. Ranar da Hannah ta ciji harshenta a hanyar Gwada, ta sauko tana riƙe da baki ta ce, “Baban Faith, ko ka gyara ta, ko ka nemi wata matar da za ta riƙa hawa.”

Washegari da safe Josiah yana ƙofar shagon Ndaman. Banufe ne mutumin Bida, dogo, mai farin gemu, ya shekara talatin yana sayar da kayan mota a Minna, kuma bai cika sayar wa mutum abu ba sai ya yi masa tambayoyi kamar alƙali.

“Alhaji, ba ni shokozoba huɗu,” in ji Josiah. “Wanda ya fi kowanne tsawo. Motana ya yi girma yanzu.”

Ndaman ya dube shi ta saman tabarau. “Oga Tela, da kana shago, in mutum ya shigo ya ce ɗinka mini wandon da ya fi kowanne tsawo, sai ka kama yanka yadi?”

“Haba! Sai na auna shi mana.”

“To ka auna motar?”

Josiah ya fashe da dariya har yana dukan kanta.

Ndaman ya ɗauko guda ɗaya ya ja ta ta miƙe, ya danna ta ta shige. Ya ce wadda ta yi gajarta, in taya ta faɗa rami sai ta miƙe ta ƙure, ta fizgi kunnenta, inda aka ɗaure ta, shi ne ƙwas-ƙwas ɗin da yake ji. Wadda ta yi tsawo kuwa, in aka yi lodi sai ta shige ta ƙure, nauyin motar duka ya sauka a kanta, ta lanƙwashe. “Awo biyu nake so. Ɗaya taya tana lilo a sama, ɗaya kuma mota ɗauke da irin kayan da kake ɗora mata. Daga kusar sama zuwa kusar ƙasa. Kada ka kawo mini ƙiyasi.”

Josiah ya ruga gida ya zazzage akwati ya samo tsohon tef ɗinsa na ɗinki, ya rataya a wuya. Awon farko bai yi wuya ba. Andrawus ya sa jak ya ɗaga gangar jikin har tayoyin baya suka saki ƙasa, Josiah ya kwanta a kwali ya auna, inci ashirin da shida. Suka auna gaba ma. Ya rubuta a tafin hannu kamar yadda ya saba.

Na biyun ne ya tsaya. Watan Yuli ne, tsohuwar doya ta ƙare, sabuwa ba ta fito ba. Raƙuma kuwa ƙwarya uku take ɗauka, doya ɗari uku ke nan. Ina za a samo wannan nauyin a tsakiyar Minna? Andrawus ya ce a ari buhunan siminti, Josiah ya ce wa zai ɗora, wa zai sauke? Hannah tana tsaye tana jinsu, ta ce, “Yau Alhamis ko? Ƙarfe huɗu kawo motar bakin coci.”

Ƙarfe huɗu matan zumunta suka fito daga koyon waƙa, su goma sha huɗu, cikin zanensu iri ɗaya. Hannah ta yi musu bayani. Sai wata ta ce, “Wato mu ne doyar?” Wuri ya kaure da dariya. Aka kawo benci don hawa. Sai gardama ta tashi a kan mata nawa ne ƙwarya ɗaya. Josiah ya ce huɗu. Madam Vivian, shugabarsu, wadda ba a taɓa ɗinka mata zani da riga da yadi shida ya isa ba, ta ce ita kaɗai rabin ƙwarya ce, kuma ba ta son a rage mata komai. Aka tura ta ciki, biyu suna ja, biyu suna turawa, motar ta yi ƙasa, mata suka yi guɗa.

Sha biyu suka hau. Josiah ya shige ƙarƙashi da tef, sai mai ganga ta buga, suka kama waƙa suna rausaya. Raƙuma ma ta ɗauki rawa.

“Ku tsaya! Doya ba ya rawa!” ya yi ta ihu daga ƙasa.

Ba wadda ta ji shi. Sai da Hannah ta daki rufin motar da tafin hannu ta ce kowa ta riƙe numfashi. Suka ƙame, kumatu a kumbure, idanu suna hawayen dariya, har ya ce, “Sha tara!” Ya fito da jar ƙasa a ƙeya. Suka ce ba za su sauka ba sai ya kai kowa ƙofar gidanta, haka kuwa aka yi, suna tafe suna tsalle uku-uku a kowane tudu.

Ranar Asabar ya koma wurin Ndaman tare da Hannah. Ndaman ya karanta awon da Josiah ya kwafe a takarda, ya jera kaya a kan kanta. Irin tsohuwar da ke jikin Raƙuma ashirin da uku take miƙewa, ya ture ta gefe. Doguwar da Josiah ya so da farko, in ta shige duka sha tara ce cif. “Ka gani? Kana gama lodi ta riga ta ƙure, ba ka ma taka rami ba.” Ya ture ta. Saura masu shigewa zuwa sha shida, su miƙe zuwa ashirin da bakwai. A cikinsu akwai ta gas, akwai ta mai, akwai kuma wata 'yar Beljiyom, wato ta hannu, mai kauri da sheƙi wadda idon Josiah ya maƙale a kanta.

“Danna ta,” in ji Ndaman.

Ya danna. Ta tafi sululu har rabi ba ta yi masa gardama ba, kuma ya ga danshin mai a wuyanta. Ya ajiye ta a hankali. Ya kafa ta gas a ƙasa ya hau kanta da ƙirjinsa duka, da ƙyar ta shige, yana sassautawa ta taso da shi tsaye. Ya sake dannawa, ta sake tasowa da shi. Sau biyar yana yi yana ƙyaƙyatawa, sai da Hannah ta ce mutane suna kallo.

Shi ta gas yake so duka huɗun. Hannah ta ce bayanta ba na ƙarfe ba ne, ta mai, mai laushi, take so. Ndaman ya raba musu: ta gas a baya, inda nauyi yake, don ba ta saurin gajiya in ta yi zafi a hanyar daji, mai laushin kuma a gaba, inda mutane suke zama. Ya haɗa musu da sababbin robobin kunne, ya ce kada Andrawus ya ɗaure kusoshin tamau sai motar ta sauka a kan tayoyinta.

Kafin sha ɗaya an ɗaura. Josiah ya dawo shagon yana danna hon, ya ce lallai sai Alhaji ya hau ya ji aikinsa, nan da kwanar can kawai. Ndaman ya ce wa Hannah ta zauna masa a shago minti biyar. Suka taka tudun farko, Raƙuma ta sauka sau ɗaya ta nutsu. Josiah ya yi ihu. Ya ga wani rami a gefen hanya ya bi ta cikinsa da gangan. Shiru. Ya nemi wani.

“Oga Tela, mun wuce kwanar.”

“Akwai wani mai kyau a gaba, Alhaji, sai ka gan shi!”

A Kuta Ndaman ya yi sallar azahar. Daga can Josiah ya ce ai rafin farko ba nisa, zunubi ne a zo nan ba a gwada shi ba. Suka ratsa shi, suka dawo, suka sake ratsawa. A karo na uku Ndaman ne da kansa ya cire hula ya ce a ƙara wuta. Yayan Josiah ya tare su a bakin gona ya ba baƙo zakara da ɗanyar masara.

La'asar ta yi sanyi suka iso Minna. Suka tarar da Hannah ta share shagon, ta jera bel-bel na injin daga ƙarami zuwa babba, ta kuma sallami masu saye uku da cewa Alhaji ya tafi gwajin kaya. Ndaman ya sauko da zakara a hammata, babbar rigarsa duk feshin laka, ya tambayi Josiah yaushe sabuwar doya za ta fito.

“Sati huɗu, in Allah ya yarda.”

“To ka biyo ta nan. Kujerar gaba tawa ce.”

“Ta tsakiya dai, Alhaji,” in ji Hannah. “Ta bakin taga da mai ita.”