Baba Zinsou da Ƙwallayen da Aka Goge

Kowace safiya Baba Zinsou yakan share filin petank, wasan jifa da ƙwallon ƙarfe, na unguwarmu a Akpakpa, ya fito da tarkacensa gindin mangwaro: dokin katako, motocin waya, da tsofaffin ƙwallayen ƙarfe na mutanen da suka riga mu gidan gaskiya. Ya tsufa yana tsinto su a bola da gidajen gado. Ka kawo masa tsohon abin wasa ya yi maka kima, ba ƙyallinsa zai duba ba, sai inda hannu ya cinye shi. Dillalai masu son saye sun gaji da zarya. Ya hana su, amma kowa a unguwa ya zo sai ya ba shi ya yi wasa. Taurin kansa har ni yana ba ni haushi.

Baba Zinsou, kai ne ka san ƙwallon kowa da baƙin tafin mai shi. Kai ne kake miƙa wa Houéfa, 'yar unguwarmu, ƙwallon marigayi mijinta duk Lahadi, ta riƙe.

To, da ya ce gwiwa ta gaza zai huta, 'yan kwamitin fili suka shirya masa biki. Wai don su faranta masa, suka kwashe ƙwallayen a ɓoye, suka dirje su da toka da lemon tsami kamar tukwanen biki. Manya da furfura, ba wanda ya ce a tambaye shi! Raina ya ɓaci har na kasa cin kifin bikin.

Houéfa ta tsaya kan tulin yana ta walƙiya, ta ce ina na mijinta. Baba ya ɗaga wannan, ya juya wancan, ya daɗe. Da ya miƙa mata kowanne, wa zai sani?

Ya ce, "Ƙanwata, ban gane shi ba. Amma yana cikinsu. Ki riƙa zuwa kina jefa su duka."

Yanzu kullum da yamma tana fili, tana lallasa 'yan kwamitin ɗaya bayan ɗaya. Shi ma hutun ya fasa.

Mun gode, Baba Zinsou, amintaccen gindin mangwaro. Jama'a, mu koyi riƙon kayan magabata irin nasa. Kuma don Allah, in kun ga tsohon abu ya yi baƙi, ku tambayi hannun wa ne kafin ku ɗauko toka.