Duwatsun Arzika a Kan Tudu

Tun zamanin mulkin soja, lokacin da ƙungiyar matasa ta samariya ke rabon aiki a ƙauyukan Kurfai, aka ɗora wa Arzika kula da kufan kakanni da ke kan tudu. Babu gini a wurin, sai matacciyar rijiya da tarin duwatsu. Al'adar ita ce, duk wanda ya zo ziyara ya ɗauko dutse daga gindin tudun ya ɗora a kan tarin. Gaisuwar waɗanda suka fara sarar dajin ke nan. Arzika ya raka 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, ya raka baƙin Yamai, har gwiwoyinsa suka mutu.

Da kamfanin waya ya zo kafa dogon ƙarfensa, magina suka tarar da duwatsu a tare, suka yi murna an hutar da su dako. Ran nan Arzika yana gonar gero. Ko da ya hau, tarin ya shige ƙarƙashin siminti. Bai kai ƙara ko'ina ba.

Yanzu tudun kullum a cike yake da masu neman rezo don su samu yin kira, kowa hannunsa da waya. Shi ma yana hawa, da sanda, da dutse guda a aljihu.

Wata rana Saratu, ɗiyar ƙanensa, tana kan tudun tana kiran waya, ta gan shi ta ce, "Baba, ka huta mana. Wa kake tara wa?"

Ya zauna yana haki. Ya ce, "Gama kiranki, ɗiyata. Duk gaisuwar da kuke aikawa Kwatano, bisa tamu take tsaye."