Daminar da Baba Ya Je Gayya a Madadina

Akwai wata damina da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da na manta duk lissafin da na koya a cikinta. Ina aji uku a jami'a lokacin, kuma wani kwas na lissafi ya kayar da ni har sau biyu. Sashenmu ya ba irinmu dama ta ƙarshe: mu yi rajistarsa ta intanet a dogon hutu, kowa ya yi karatu lokacin da ya ga dama, amma a gama darussa goma sha biyu da gwaje-gwajensu kafin a koma makaranta. Wanda bai gama ba zai maimaita shekara.

Na yi rajista a wani shagon kwamfuta a Zuru, na hau babur zuwa gidanmu a Dabai ina murna kamar na riga na ci. Babana tsohon soja ne. Abu biyu ya dawo da su daga aiki, agogon hannu da ciwon gwiwa. Da na ba shi labari sai ya tambaye ni, "Ƙarfe nawa ake shiga ajin?"

Na ce, "Baba, ai wannan ba shi da lokaci. Duk sanda na ga dama."

"Babu malami mai kiran suna?"

"Babu."

Ya gyaɗa kai ya ce, "To, madalla." Da ina da wayo, da na ji tsoron wannan madallar.

A wajenmu gayya ake yi. Gidaje kan haɗu, yau a nome gonar wannan, jibi ta wancan, kuma duk gidan da aka nome wa gona dole ya tura mutum ɗaya zuwa gonakin sauran. Shekara biyu maƙwabta suna ɗauke wa Baba zuwa saboda ƙafarsa, abin kuma yana cin ransa. Yanzu ga ɗa ya dawo, ƙato, da karatun da ba ya gudu. Washegari aka miƙa mini fartanya.

Haka kwanaki suka yi ta tafiya. Mu fita da sassafe, mu dawo bayan la'asar, bayana kamar an daka shi a turmi. Waya ba ta kama intanet a cikin gidanmu, sai na hau wani dutse a bayan coci. Can nake zama in kunna bidiyon malamin, yana ta bayani a hankali, ni kuma ina gyangyaɗi. Sau da yawa na farka na tarar ya gama darasin shi kaɗai. Sai in ce gobe. Ranar da babu gayya kuwa, Mama za ta ce, "Tunda naka karatun yana jira, kai mini dawar nan injin niƙa." Ba na ganin laifinsu ko kaɗan. Ni na ba su maganar da bakina, kuma in faɗi gaskiya, fartanya ta fi mini lissafi sauƙi. Na gaji matuƙa, amma gajiyar ta zame mini wurin ɓuya.

Wata rana da yamma ina kan dutsen sai saƙo ya shigo: saura kwana goma a rufe shafin. Na duba, darasi uku kawai na gama. Na daɗe a zaune ina kallon tafin hannuna da ya yi kanta, na rasa ma ƙarfin yin kuka.

Na tarar da Baba a tsakar gida yana wasa fartanya. Na faɗa masa komai. Ya ajiye dutsen wasan ya dube ni.

"Ba kai ka ce mini ba shi da lokaci ba?"

"Haka suka rubuta, Baba."

"Sun rubuta ranar rufewa?"

"Sun rubuta."

"To yaya aikin da ke da ranar rufewa zai zama ba shi da lokaci? Kai, yaron nan, jami'ar me kake yi?"

Bai ƙara faɗa ba. Ya ɗauki gawayi ya je jikin rumbu ya rubuta jadawali irin na bariki: ƙarfe shida hawa dutse, sha biyu abinci da cajin waya a shagon bakin hanya, biyu a koma, shida a sauko. Ya kwance agogonsa ya ɗaura mini. Na ce, "Gayyar fa? Saura gonaki huɗu." Ya ce, "Wannan ba ruwanka."

Na zaci haƙuri zai sake ba maƙwabta. Washegari ina kan dutse, na ɗaga kai daga takarda, sai na hango layin manoma a gonar maƙwabcinmu. Can a ƙarshen layi, an bar shi a baya da kunya biyu, ga Baba a duƙe yana jan ƙafa. Ashe ya ce ba zai roƙi alfarma shekara ta uku ba, bayan kowa ya ga gidansa da mai ƙarfi. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Na so in sauka in karɓi fartanyar, amma na san da ita zai kore ni. Na goge ido na koma kan tambayar da nake yi.

Gonaki huɗun nan duk ya je. Ni kuma na yi kwana goman kamar jaki, kaina yana sarawa, idanuna suna raɗaɗi. Na tura gwajin ƙarshe da azahar ɗin ranar rufewa, na kuma tsallake da ƙyar, da mafi ƙarancin makin da ake karɓa. Ban iya yin murna ba. Gwiwar Baba ta kumbura har ya yi makonni bai taka zuwa coci ba, kuma tun daga daminar nan da sanda yake tafiya.

Abin da na koya shi ne, duk aikin da aka ce ka yi sanda ka ga dama, kai ne za ka yanka masa lokaci tun ranar farko, ka kuma faɗa wa mutanen gidanka. In ba ka yi ba, lokacin zai fito daga jikin wani. Agogon yana hannuna har yau, Baba ya ƙi karɓa. Ya ce ni na fi shi buƙata.