Ni Na Mai Da Ƙanena Cikin Jirgi

A farkon shekarun da aka yanke mana jihar Kebbi daga Sakkwato, ni mai bandar kifi ce a bakin kwata a Yelwa ta Yauri, da aurena da 'ya'yana, kuma ni ce babba a ɗakinmu. Mahaifinmu ya rasu tun muna ƙanana, don haka duk abin da ya taso a gidan Inna ni ake aika wa. Ina da kaifin baki, ba na musu, kuma a lokacin gani nake ba a haifi wanda zai yi mini wayo ba. Sana'ar ce ta koya mini zargi, domin in ba ki juya kifi kin sansana ba, masunta za su haɗa ki da kwananne. Wannan halin ne na kwasa na ɗora wa ƙanena, kuma shi ya sa na rubuto muku.

Ƙanen nawa direban jirgin ruwa ne mai inji, yana ɗaukar 'yan kasuwa da buhunan albasa tsakanin Yelwa da Warra. A can ya koyi shan ƙwaya. Mutanen jirgi narka ta suke yi a butar shayi, wai don kada gajiya ta kama su, a yi ta zagayawa da kofi ɗaya. Sannu a hankali ya rame, barci ya ƙaurace masa, ya koma faɗa da kowa, har ya fara magana shi kaɗai. Ranar da ya ɗaga wa Inna hannu, ni da Kawu, wan Inna, muka kai shi wani asibitin masu taɓin hankali a wajen Sakkwato. Ya daɗe a can, ya dawo da jiki da natsuwa. Da za a sallame shi wata ma'aikaciya ta ja mu gefe ta ce mu raba shi da wurin da ya saba sha da mutanen da ya saba sha da su, kuma mu bar shi ya samu wanda zai riƙa faɗa wa damuwarsa. Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali abin da ya yi mini daɗi kawai na ɗauka daga ciki.

Tun daga ranar da ya dawo na sa masa ido. Ina barin kifina a kan wuta in ruga gidan Inna in laluba aljihun rigarsa, in ɗaga katifa, in zazzage takalmi. In ya yi dariya da yawa in ce ya sha, in ya yi shiru in ce abin ne ke sakinsa. Ko mura ce ta sa idonsa ya yi ja, sai na matso na ce ya hura mini iska in ji. Ban taɓa samun komai ba, amma rashin samun bai kwantar mini da hankali ba, cewa na yi ya ƙware da ɓoyo. Yakan ce Yaya don Allah in bar shi ya numfasa. Inna ma ta yi mini magana, na ce mata sanyinta ne ya kai mu inda muka je.

Ana nan sai na lura kullum da hantsi yana fita, ba ya dawowa sai la'asar. Na bi sawunsa har ƙarshen kwata, na tarar rumfar wani dattijo mai ɗinkin taru yake zuwa. Duk garin an san dattijon nan a da, babu irin abin da bai sha ba, har a bakin hanya an sha tsintar sa. Gaskiya ne ya yi shekaru da dainawa, kullum yana sahun gaba a masallaci, amma ni ban yarda mashayi yana tuba ba. Na sha laɓewa bayan wani kifaffen kwale-kwale ina kallon su. Ban ga komai ba sai ɗinki da hira da cin goro. Wata rana na ga ƙanena ya ajiye zare ya haɗa kai da gwiwa, dattijon ya miƙa masa ruwa, ya zauna kusa da shi har ƙanen nawa ya ɗago ya ci gaba da aiki. Wallahi abin da ya zo raina shi ne akwai abin da aka zuba a ruwan.

Na tafi wurin Kawu na zuga shi, aka tara mu a gidan Inna. Na ce yaro da sana'arsa ta mutunci ya koma zaman rumfa da tsohon ɗan maye, maganin abin kawai ya koma jirgi, aiki ya sha masa kai. Na riga na roƙi mai jirgin, ya kuma yarda. Ƙanena ya durƙusa yana roƙo. Ya ce mu ba mu san jirgi ba, wanda duk ya ƙi karɓar kofin nan sai a ce ɗan rahoton 'yan sanda ne, a hana shi sakat, ga shi da safe har yamma ƙamshin shayin yana hancinsa. Ya ce har yanzu sha'awar abin takan taso masa kamar zai mutu, kuma dattijon ne kaɗai yake iya faɗa wa ba tare da an caje masa aljihu ba. Ina jin haka na miƙe na ce to kun ji da bakinsa, ashe har yanzu ransa na can. Kawu ya yanke hukunci a kan maganata. Washegari dattijon ya zo har wurin bandata, ya gaishe ni da ladabi, ya kira ni 'yarsa, ya ce in bar masa yaron ko da zuwa ƙarshen kakar albasa ne. A gaban mata na wanke shi tas, na tuna masa duk inda aka taɓa tsintar sa. Bai rama ba, ya ce Allah ya kyauta, ya juya.

Da farko ƙanena yana dawowa daga jirgi a gajiye, ko tuwo ba ya iya gamawa. Can sai ƙarfi ya zo masa, ga surutu, ga fara'a, yana sauke buhu kamar ba ya jin nauyi. Abin da ke cin raina har yau shi ne, ni da na zargi mura da dariya, a nan ban zargi komai ba. Na daina laluben aljihu, tunda shawarata ce dole ta zama daidai. Matar wani ɗan jirgi ta yi mini shaguɓe cewa direbanmu ya koma ruwa da gaske, na ce baƙin ciki take yi.

Ranar wata kasuwar Warra, da rana tsaka, lokacin ruwa ya ja baya, ya kwaso mutane da kaya ya nufi inda kututturan itatuwan da ruwan madatsar kogin ya shanye suke, wurin da kowane direba ya san ana kauce masa. Waɗanda ke ciki sun ce sun yi ta yi masa magana yana dariya yana ƙara wuta. Jirgin ya daki kututture ya tsage. Allah ya taimaka akwai masunta kusa, ba a rasa rai ba, amma kaya sun nutse, wata tsohuwa kuma ta karye a ƙugu, ba ta sake tafiya daidai ba. Shi ya yi iyo ya fita, bai kuma dawo gida ba. Wasu sun ce sun gan shi a bayan motar albasa mai zuwa kudu, wasu sun ce a Jebba. Mun nema har mun gaji. Inna ba ta taɓa ce mini laifina ne ba, sai dai ta daina aika mini in abu ya taso, kuma haka ta rasu ba ta sake ganin sa ba.

Daga baya na gane cewa wanda ya daina shaye-shaye bai gama warkewa ranar da aka sallame shi ba, kuma jin sha'awar abin ba komawa ba ce. Ku da kuke da irin wannan a gida, ku lura da shi, amma kada ku mai da gidan ofishin 'yan sanda. Ku tambaye shi inda yake jin tsoron zuwa, ku yarda da amsarsa, kada ku tura shi can don wai sana'a ce. In ya sami wanda ya taɓa shiga halin ya fita, kada ku kore shi saboda tarihinsa. In kuma ya buɗe baki ya ce muku abin yana taso masa, ku riƙe shi, taimako yake nema. Nawa ya faɗa mini gaskiya a gaban kowa, na ɗauke ta na hukunta shi da ita. Har yau ban sani ba, ko addu'ar mai rai zan yi masa ko ta mamaci.