Motar da Akwati Bai Gani Ba

Ni na kafa dokar, ba zan musa ba. Da bakina na faɗe ta a gaban mutum takwas: abin da akwati bai gani ba, bai faru ba.

Mu tara ne muke tseren ƙananan motoci masu rimot a bayan shagona na gyaran waya a Dogon Dutsi, duk Lahadi bayan la'asar. Manya ne mu da gemu, har da mai 'ya'ya biyar, amma in ka ji ihunmu sai ka rantse an tashi 'yan makaranta. Tsofaffin tayoyin babur muka jera suka zama hanya, zagaye goma ake yi. Wanda ya zo ƙarshe shi zai dafa shayi, ya durƙusa ya miƙa kofin farko ga wanda ya ci, ya ce masa ranka ya daɗe.

Matsalarmu ƙirga. Kowa motarsa yake kallo, kowa kuma goma yake cewa ya yi. Sai wani ɗan kasuwa a cikinmu ya sayo mana akwatin ƙirga na hannu daga Yamai. Ana binne zaren wuta a layin tashi, a liƙa wa kowace mota wani ɗan abu kamar ƙwallon dabino. Duk wucewar mota ta kan zaren, akwatin ya karanta lambarta, ya nuna a wayata. Laya muka sa wa ɗan abin suna. Biyu daga cikinmu sun yi ta wa'azi kan sunan, amma ya riga ya bi shi.

Layu bakwai suka zo da akwatin, saura ni da taubashina, ɗan gwaggona da ke zuwa daga Tibiri a babur. Tun muna yara muke gardamar waye bawan wani tsakaninmu, har yau ba a yanke ba. Ni na yi odar layar kwaikwayo, wadda wani ƙaramin kamfani ke yi don ta yi magana da irin akwatinmu. Shi kuwa ya tsallaka Birnin Kebbi ya dawo da wata ja mai sheƙi, yana ta juya ta a rana.

Kallo ɗaya na yi wa tambarinta na gane. Ta wani kamfani ce dabam, kuma kamfanonin nan biyu ba sa ga maciji. Kowanne ya gina akwatinsa yadda ba zai ji layar ɗayan ba, don in ka shiga gidansa ka zauna nan. Na san haka sarai. Me na yi? Na karɓa, na yaba kyanta, na liƙa masa da hannuna, har da ƙarin salatif.

Ranar ya yi gudu, ba laifi. Da aka duba waya, babu lambarsa ko sau ɗaya.

"Bawana," na ce, "akwati ya ce ba ka ma taho ba. Hura wuta."

"Wanga akwati makaho na?" in ji shi.

"Akwati ba shi ƙarya."

Lahadi uku a jere yana dafa shayi. A ta biyu ma kowa ya ga ya wuce ni, ƙurarsa na sha har layi, amma doka doka ce, ni akwati ya sa a farko. Ya durƙusa, ya ce ranka ya daɗe, na ce ban ji ba, ya maimaita. Wallahi ban taɓa shan shayi mai daɗin wannan ba. Abin da ya kamata ya tsorata ni shi ne bai yi fushi ba. Mutumin da ke rigima a kan ƙashin miya ya koma shiru, ni kuma daɗi ya hana ni tunani.

Ran wata Alhamis sai ga shi a shago da ƙunshin kilishi. Ya zauna yana kallon yadda nake gyaran waya, yana jinjina kai.

"Kai dai Allah ya ba ka hannu," ya ce. "An ce kamfanin akwatinga sun hiddo sabon tsari, mizajur suka ce mishi. Wai sai injiniyoyin Yamai ka iya sa shi. Na ce musu muna da wanda ya hi su."

Kaina ya kumbura. Kafin kilishin ya ƙare na jona akwatin da waya, na sauke sabon tsarin. Na miƙa hannu zan ɗauko motata in gwada, sai ya zaro wata laya daga aljihu, ta ɗan kasuwan nan da ya yi tafiya ya bar masa aro.

"Kak ka wahala, gwada da wagga."

Na wuce da ita ta kan zaren, akwati ya yi ƙara, lamba ta fito. Na ce masa ya koma Tibiri ya ba da labari.

Lahadin nan na yi tuƙin da ban taɓa yi ba. Ban taɓa taya ko ɗaya ba, kwanar da ke kayar da ni kullum na shanye ta kamar a mafarki. Na ba taubashina zagaye guda cur. Na ajiye rimot, na gyara hula, na zauna kan benci ina jiran shayi.

Mai 'ya'ya biyar ne ya karanta sakamako. Ya karanta lamba bakwai, ta farko layar aron taubashina. Ya tsaya, ya ja allon sama, ya ja ƙasa. Tawa babu.

Ashe abin da sabon tsarin ya zo yi ke nan: kamfanin ya gaji da masu kwaikwayo, ya toshe musu ƙofa. Taubashina ya karanta haka a waya tun mako biyu, ya nemo aro, ya sayo kilishi, ya sa ni na rufe kaina a waje da hannuna.

Na miƙe ina rantsuwa. Na ce kowa ya gani, ai da idanu a wurin. Su kuwa dariya suke dannewa. Taubashina ya miƙo mini mafici.

"Mi dokar ta ce, injiniya?"

Na ji zafi ƙwarai, don wannan ce rana ɗaya da na ci da gaskiya, kuma ita ce ba a rubuta ba. Sai da hayaƙin gawayi ya shiga idona na tuna Lahadi ta biyu, da shi a wannan gurbin yana hura wutar. Kunya ta kama ni fiye da haushi.

Na kai kofin, na durƙusa, na ce ranka ya daɗe. Ya sunkuyo daidai kunnena yadda ba mai ji.

"Na gane ka da idona, ka riga ni nesa," ya ce. "Kai ma ka gane ni rannan."

Na ce na gani.

Ya kurɓa, ya ɗaga murya don kowa ya ji: "Bawana, sukari bai ji ba. Koma."