Wasiƙar Falsafa da Aka Kai wa Babana

Shekara uku ke nan da rasuwar Gwaggo Hajara, ƙanwar babana, kuma sai makon jiya na gane abin da muka daɗe muna yi mata.

Gwaggo ta karanci falsafa a jami'a, ita kaɗai mace a ajinsu, ta ƙare tana koyar da 'yan firamare a Kebbe. Ko akuya ta shigo gida sai Gwaggo ta nemi hujjarta. Ni ma falsafar nake so in cika a takardar shiga jami'a bana, amma Baba ya hana. Ya ce ba a ɗaukar mata aiki a wannan fanni, in dubi Hajara.

Baba, Malam Haliru Umaru, ma'aikacin lafiya ne a Tambuwal, kuma yana da labarin da yake ba kowane baƙo, har mai gyaran famfo. Wai wata jami'a ta taɓa aiko masa wasiƙa, "Malam H. Umaru", ya zo ganawar ɗaukar malamin falsafa, shi da allura kawai ya sani. Mukan yi dariya har da birgima. Gwaggo takan murmusa ta tashi duba tukunya.

Makon jiya gyale na shiga nema a akwatinta, na ci karo da kwafin takardar neman wannan aikin. A ƙasa an sa hannu: H. Umaru. A ɓoye ta nema. Can ofishin suka ga sakamako mai kyau, suka ɗauka namiji ne, masinja kuma ya kai wa Baba wasiƙar. Sai da ranar ganawar ta wuce ta ji, a bakin yayanta, ana shewa.

Na miƙa wa Baba. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Wagga ta Hajara ta?"

"Tata ta, Baba."

"Kuma tana zamne nika ba da labarin?"

Kai kawai na gyaɗa masa. Ni da aka ce ko barci nake bakina bai hutawa.

Da tana nan ta ga mata sun fara tsayawa gaban aji a fanninta, ko da ɗaya-ɗaya ne, na san ba murna za ta fara yi ba. Tambaya za ta yi: nawa ne aka kira ba su ji ba? Wannan ɗabi'ar ta bar mini, ita da gyale biyu.

Shekaranjiya Baba ya ajiye takardar jami'ar a gabana, bai dube ni ba.

"Cika abin da kika so. Amma ki rubuta sunanki duka, Balkisu."