Jarkar Fetur Ta Raba Mu Da Baba Saje

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina ɗaura ɗankwali zan fita aiki, ɗiyar Baba Saje ta kira ni tana kuka. Baba ya rasu da asuba a asibiti.

Wuta ce. Wutar fetur. Har yanzu raina bai daina tafasa ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, tsohon soja ne, kuma shi ne direban da ke kai mu rigakafi ƙauyukan bayan Sakaba, inda kwalta ta ƙare, babu gidan mai ko ɗaya. Dole a tafi da fetur na ko-ta-kwana.

Ban taɓa ganin mai kaffa-kaffa da jarka kamarsa ba. Ta ƙarfe yake amfani da ita. Ba ya cika ta maƙil, ya ce in rana ta buga, mai na neman wurin numfashi. A bayan mota yake ɗaure ta tamau, nesa da salansa da batir. Cikin mota wajen mutane kuwa, ko za ki yi kuka ba zai yarda ba.

Mun sha yi masa tsiya kan yana ɓata mana lokaci. Ni ce kan gaba.

Shi ne fa mutumin da ya taɓa cire takalmi ya ɗauki akwatin allurarmu a ka ya tsallake rafi da shi, don kada in ɗauki kaya a cikin ruwa ina da tsohon ciki. Kullum akwai gyaɗa soyayya a aljihun motarsa saboda mu.

Ranar Litinin muka rabu a bakin ofis. Na same shi durƙushe yana shinshina murfin jarka. Na ce, "Baba, yau ma?" Ya ɗago ya ce, "Ɗiyata, hanci ba ya ƙarya. In kin ji wari, a tsaya."

Jiya ya shiga a-kori-kura ta haya zai je Kanya gaida ƙanwarsa. Ba shi ke tuƙi ba. Wata mata da suke tare ta ce tun a tasha ya ga jarkokin man gyaɗa na roba cike da fetur, an toshe bakinsu da leda, an cusa su tsakanin ƙafafun fasinjoji. Ya yi magana. Direban ya ce, "Baba, in tsoro kake ji ka sauka." Mutane suka yi dariya. Ita ce mota ta ƙarshe, sai ya zauna.

A cikin gargada jarka ɗaya ta kife. Baba ya yi ta dukan kan mota a tsaya. Kafin a tsaya wuta ta kama.

Ya riga ya dira ƙasa lafiya. Ya koma ya jawo wannan matar da goyonta. A nan rigarsa ta kama.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, na yi imani da haka. Amma don Allah mu daina ɓoye sakaci a bayan ƙaddara. Leda ba murfi ba ce. Jarkar man gyaɗa ba ta fetur ba ce. Kuma in dattijo ya yi magana a tasha, ku da ke zaune kuna dariya, ranku ma yana cikin motar.

Allah ya jiƙan Baba Saje, ya karɓi shahadarsa, ya sanyaya makwancinsa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Za a yi jana'iza bayan azahar a ƙofar gidansa a nan Zuru. Wanda bai samu zuwa ba, ina roƙonsa ya karanta masa ƙulhuwallahu ko ƙafa uku ne.